Kar Ki Ƙifta, Wasila

Ranar Laraba ce, ranar kasuwar Konni, damina ta fara zama, Wasila ta fara ganin Saminu. Ko in ce ta fara ganin rabin fuskarsa, domin ɗaya rabin yana bayan wata na'ura mai dogon wuya kamar raƙumi ya leƙo ta taga.

Ba don kanta ta zo ba. Mahaifiyarta, Inna Hindu, ta riƙo tun daga Tajaye, don an faɗa a rediyo cewa likitocin ido sun sauka Konni da sabbin kayan aiki. Likita Idrissa ya daɗe yana haska idon Inna, sannan ya ajiye fitilarsa ya ce mata a hankali jijiyar gani ta riga ta bushe. Inna ta ce, "Na sani, ɗana. Na zo ne don kada ɗiyata ta ce ban gwada ba."

Likita ya dubi Wasila. "Ke ma shiga ɗaki na biyu a auna ki."

A can ta sami saurayin, dogo, baƙi, da wushirya, yana goge inda ake ɗora haɓa.

"Sunana Saminu. Zauna, kar ki ji tsoro. Wani haske ne, lesa ake ce mishi, bai ƙonawa, bai zafi. Shina shiga har bayan ido, inda jijiyar gani take, ya taɓa jinin da ke gudu wurin, ya dawo. Sai na'ura ta zana muna: inda jini ke gudu sosai, ja, inda ya yi sanyi, shuɗi. Sakan huɗu kawai. Ki dubi ɗigon koren nan, kar ki ƙifta."

To, ɗigon koren nan daidai saitin fuskarsa yake. Wasila ta ƙifta. Ya sake, ta sake. Har sau shida.

"Malama, fitilar ce ke ba ki tsoro?"

"A'a."

"To mi ne ne?"

Ta sunkuyar da kai. "A gidanmu ba a zura wa namiji ido."

Saminu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗauki wani kwali ya tare fuskarsa da shi, ya bar ido ɗaya wajen allo. "Shi ke nan, namiji ya tafi kasuwa. Kwali ya rage. Zura mishi."

Ita ma dariyar ta kuɓuce mata, ta danne, ta zura.

Yana cike takarda ya tambaye ta, "Kina sa wani abu a ido?"

"Kwalli kawai," in ji Wasila.

Allah Ya yafe mata, ba gaskiya ta faɗa ba, kuma za ku ji dalili.

Hoton idon dama ya fito, ja da ruwan ɗorawa, ga ɗan shuɗi kaɗan. Da na hagu ya fito, sai dariyar Saminu ta ɗauke kamar an hure aci-bal-bal. Wasila ta leƙa. Gefe guda na hoton shuɗi ne fal, kamar an tsoma shi a rijiyar marina. Ba ta san karatun na'ura ba, amma ta iya karatun fuska.

Likita ya ƙara wani awon, ya ce ruwan cikin idonta ya hau, yana matse jijiya. Ya ba ta ɗigo, ya ce ta dawo bayan wata ɗaya. Saminu ya karɓi lambar salularta, wai don tuni.

A gidan su Wasila akwai wata igiya. Ta taso daga ƙofar ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa randa, daga randa zuwa makewayi, ta ƙare a zaure. An ɗaura ta ne don Kakarta ta wajen uwa, wadda idonta ya mutu tana da shekara hamsin. Kaka ta rasu, ba a kwance igiyar ba, domin kafin nan Inna Hindu ta fara laluben bango, ita tun ba ta cika arba'in ba. Hannu biyu sun bi igiyar nan har ta yi baƙi, ta yi santsi kamar fata. Mutanen Tajaye ba sa cewa gidan Malam Ahmadu, mahaifin Wasila. Gidan igiya suke cewa.

Da tsakar rana, in gari ya yi tsit, Wasila tana kan keken ɗinkinta, takan ji kamar wani hannu na shafa igiyar, siii, siii, alhali Inna na barci. Ta ɗaga kai, ba kowa, sai igiya na ɗan motsi. Wani lokaci takan tashi, ta rufe ido, ta kama ta, ta bi ta har zaure tana ƙirga taku. Talatin da ɗaya ne. Tana koyo ne tun kafin ranar ta zo. Ta kuwa lura kwanan nan buta ko kujera in suna hagunta, sai ta yi karo da su take sanin suna nan.

Akwai kuma 'yar kwalba. Lokacin da Kaka ta makance, tsoro ya kama Inna Hindu. Ran kasuwar Illela ta sayi wani ɗigon ido wajen masu tallan magani a faranti, irin wanda ke wanke jan ido nan take ya bar shi fari tas. Ta riƙa sawa. Da nata idon ya tafi, sai ta ce a ranta ta makara ne wajen farawa. Don haka tun Wasila na shekara goma sha biyar, kowace safiya bayan salla, Inna takan lalubo fuskarta, ta buɗe mata fatar ido da yatsa, ta ɗiga, ta tofa addu'a. Ta kuma gargaɗe ta: "Kar ki faɗa ma kowa. In aka ji muna magani tun yanzu, an ce mun tabbatar, ba mai zuwa ƙofarki."

Saboda haka Wasila ta koma gida tana sa ɗigon likita da yamma, na Inna da safe. A ganinta ta ninka kariya.

Kwana uku da dawowarta salula ta yi ƙara.

"Assalamu alaikum Malama Ƙiftau. Kwali ne ke gaisuwa. An sa ɗigo yau?"

Ta karanta sau biyar kafin ta amsa. "Wa alaikumus salam Mai Fitila. An sa. A gai da raƙumin."

"Raƙumi na amsawa. Ya ce tun da aka kawo shi ƙasar nan bai ga ido irin naki ba."

"Don ya fi na kowa lalacewa?"

Ya amsa: "Don ya fi na kowa kunya. Kar ki sake faɗin haka, Ƙiftau."

Daga nan fa sai Lahadi-Lahadi, bayan la'asar, a ji ƙugin babur ya tsaya ƙofar gidan igiya. Saminu ya gai da Malam Ahmadu a gindin itacen bedi, a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Yakan zo da dabino, wani lokaci zaren ɗinki kala-kala daga kasuwar Konni. Ranar farko idonsa ya faɗa kan ƙarshen igiyar da ke ɗaure a ginshiƙi. Wasila ta jira tambaya. Bai yi ba, sai ya rataye hularsa a kai kamar don haka aka ɗaura ta. A nan ne, ina jin, ya gama da zuciyarta.

"Ni fa na riga kowa," ya ce mata wata rana. "Samari na ganin ido daga waje. Ni na shiga har ƙuryarshi, na ga zuciyarki na bugawa a ciki."

"Ƙarya kake, Mai Fitila."

"Wallahi. Jinin na tashi shina sauka da bugun zuciya, na'ura na nunawa. Naki ranar gudu yake kamar an biyo shi."

"Tsoron kwali ne."

Amma daɗi bai daɗe ba. Awo na biyu ya fito, shuɗin bai ja baya ba, har ya ɗan ci gaba. Likita Idrissa ya cire tabarau ya murza goshi. "Kina sa ɗigon kuwa?" Ta ce ba ta taɓa tsallakewa ba. Ya canza mata wani. Awo na uku ma haka.

A Konni kuwa, Hajiya Kyauta, mahaifiyar Saminu, mai rumfar atamfa a kasuwa, ta aika an yi mata bincike kamar yadda ake yi. 'Yan aike suka dawo da kalma biyu: gidan igiya. Saminu bai ɓoye wa Wasila ba, don ya ce ba zai fara da ita da rufa-rufa ba.

"Mi ta ce?"

Ya daɗe yana wasa da makullin babur. "Ta ce kaka, uwa, ɗiya. Ta ce ba ta son ta ga an ɗaura igiya a gidanta, jikokinta na bi. Ta ce ga Fadila ɗiyar ƙanenta, ta gama karatun boko a lakwal, idonta garau."

"Hajiya ba ta yi ƙarya ba."

"Wasila."

"Kai ka ga hoton. Ka fi ta sani."

Bayan tafiyarsa ta zauna gaban keke, zare ya ƙi shiga allura. Igiya ta ce siii. Washegari da hantsi ta rubuta masa:

"Saminu, kar ka sake zuwa. Ranar farko na ga fuskarka lokacin da hoton ya fito, ban manta ba. Ban so ranar da zan daina ganin fuskar nan ya zama tausayi ne na ƙarshe da na gani a kanta. Ka bi maganar Hajiya. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuto: "Ba tausayi kika gani ba, tsoro ne. Mutum bai tsoro don abin da bai so." Ta kashe salular ta tura ƙarƙashin tsummokaran ɗinki.

Lahadi ya zo duk da haka. Aka ce ana sallama da Wasila, ta ce a ce ba ta nan. Ya ce zai jira ta dawo. Tana laɓe bayan zana tana jin tarinsa, har inuwa ta miƙe.

Sai ta ji siii, siii. Wannan karon hannu mai rai ne. Inna Hindu ce ta kama igiya ta nufi zaure, abin da uwar budurwa ba ta yi.

Saminu ya zabura ya durƙusa. Inna ta ce, "Zauna, ɗana. Tun da ban ganinka, kunyar ta ragu da rabi." Ta tsaya riƙe da ginshiƙi. "Ka yi haƙuri da ita. Ka yi muna mutunci, ba mu da abin rama maka. Amma tun ɗazu nike jin kana murza ido. Aikin fitilar nan da iskar babur, za su ci maka ido." Ta kwance bakin zanenta, ta miƙa masa 'yar kwalba sabuwa. "Riƙe wanga. Asirin gidanmu ne, ban taɓa ba kowa ba. Shi ya riƙe idon Wasila har yau."

Ta tsakanin zana Wasila ta ga ya juya kwalbar yana karanta ƙananan rubutun jikinta.

"Inna," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "tun yaushe take sawa?"

"Shekara bakwai. Ban taɓa tsallake safiya guda ba, ko ina zazzaɓi." Da alfahari ta faɗa, baiwar Allah.

Saminu ya sa kwalbar a aljihu. "Na gode, Inna. Allah Ya saka."

Ya fita, ya zagaya bayan gida wajen rumbuna, ya ɗaga murya kaɗan. "Wasila, na san kina jina. Ba maganar aure ba ce. Maganar idonki ce. Fito."

Ta fito. Bai yi mata faɗan ƙaryar kwalli ba. Ya buga wa Likita Idrissa, ya karanta masa sunan da ke jikin kwalbar, ya ɗora mata salular a kunne. Likita ya yi salati. Ya ce irin wannan ɗigon na kwana kaɗan ne, kuma sai da sa idon likita. Ya ce jinin gidansu dama mai saurin kamuwa da wannan ciwo ne, ɗigon kuwa ingiza ruwan ido yake yi ya hau, ya shaƙe jijiya. "Muna ɗebe ruwa da yamma, ana zubawa da safe. Ki zo gobe da kwalbar, in gaya miki yadda za ki rabu da ita."

Wasila ta zauna a kan dutsen rumbu. Ba murna ta fara zo mata ba. "To Inna fa? Nata idon?"

Saminu ya gyaɗa kai. "Shi ma, da alama."

"Ba zan iya faɗa mata ba. Zan zubar, in cika da ruwa, ta ci gaba da ɗiga min."

"Wa ke sayo mata?"

"Maƙwabta, ran kasuwa."

"To in wata ta tambaye ta mi take saye, ta ba ta asirin kamar yadda ta ba ni fa? In ta ɗiga ma jikokinta?"

Da safe bayan salla Inna ta zo kamar kullum, tana kwance bakin zane. Yatsunta suka sami fuskar ɗiyarta, suka tarar da ita jiƙe. Wasila ta riƙe hannun.

"Inna, yau kar ki sa."

Ta faɗa mata duka, a hankali, tana riƙe da hannun kada ya kuɓuce. Inna ba ta yi kuka ba. Ta zauna daɓas a ƙasa, fararen idanunta a buɗe suna kallon bango.

"Da hannuna," ta ce. "Kullum da bisimilla."

"Da so kika yi, Inna."

"Da so na yi, shi ya sa ban tsallake ba." Can ta ce, "Nawa ya tafi, ban damu ba. Naki, nawa na ci?"

"Gefe guda na hagu. Sauran na nan. Kuma ke kika miƙa mishi kwalbar, Inna. Da ba ki fita zaure ba, da har yau ba a sani ba."

Sai a lokacin kukan ya zo, suka yi shi tare. Daga baya Inna ta ɗaure kwalbar a bakin gyalen Wasila, ta ce, "Kai ma likita. Ki ce ya nuna ma duk matar da ta shigo."

Wata uku aka yi ana bin maganar likita. Gero ya yi kai, ya nuna. Wasila ta kunna salula, amma ta ce wa Saminu kada a ta da zancen aure sai raƙumi ya yi magana. Kullum yakan rubuto, "Ƙiftau, ɗigon likita kaɗai?" Ta amsa, "Shi kaɗai, Mai Fitila." Inna kuwa ba ta bar zuwa da safe ba. Takan lalubo fuskar, ta tofa addu'a, hannu wofi.

Ranar awo, Wasila ta shiga ɗaki na biyu ta tarar da wata mace mai jiki zaune a kujera, da jaka a cinya. Ba sai an faɗa mata ba, wushiryar iri ɗaya ce. Ta durƙusa har ƙasa.

"Tashi, ɗiyata," in ji Hajiya Kyauta. "Wannan ɗan nawa ya cika min kunne da ja da shuɗi. Ni kuwa ban taɓa karɓar atamfa ban warware ta na gani ba. In kin yarda in duba, to. In ba ki yarda ba, in fita."

"Ki duba, Hajiya."

Ta ɗora haɓa. Yau ba kwali. Ɗigon kore yana nan, fuskar Saminu na bayansa, gumi na tsattsafo masa.

"Kar ki ƙifta," ya ce.

Ta zura masa ido, sakan huɗu cur, a gaban mahaifiyarsa.

Hoton ya fito. Hajiya ta matso da kujera. Inda dā shuɗi ya mamaye, yanzu ruwan ɗorawa ya kutsa, ga ja-ja yana tashi yana sauka. Can gefe dai wani yanki ya tsaya shuɗi, bai motsa ba.

"Wancan mai motsi fa?"

"Jininta ne, Hajiya. Bugun zuciyarta ne."

"To wancan da ya ƙi?"

Wasila ta riga shi. "Wancan ya tafi, Hajiya, bai dawowa. Likita ya ce ruwan ya sauka, amma zan riƙa ɗigo ina zuwa awo, wataƙila har ƙarshen raina. In Allah Ya ba ni 'ya'ya, su ma sai an riƙa duba su. Ban so a ɓoye miki komi. Ɓoyo ne ya kai mu nan."

Hajiya ta daɗe tana kallon jan nan yana numfashi. Sannan ta buɗe jakarta, ta lalubo, ta fito da wata 'yar kwalba ta ajiye a tebur. Irin ta Inna ce sak.

"Rabin matan layinmu na da ita," ta ce. "Ni ma in ƙurar kasuwa ta dame ni." Ta share ido da bakin mayafi. "Ashe igiyar da nike gudu tana cikin jakata. Kai, sarkin surutu, goge wurin nan in ɗora haɓata. In ka gama, ka faɗa ma baffanninka su shirya goro."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Tajaye. Fadila ce ma ta yi wa amarya lalle, tana tsokanarta wai ta ƙwace mata ɗan'uwa da ƙifce. Da aka zo jera kayan ɗaki a Konni, Hajiya na warware ƙullin kaya ɗaya bayan ɗaya, sai ga wata sabuwar igiyar kaba a ƙasan akwati, fara sol, an tufka ta da kyau.

Inna Hindu, wadda ta ce ko al'ada ta hana sai ta taka gidan ɗiyarta da ƙafarta, tana zaune bakin gado. Aka sa mata igiyar a hannu, ta shafa. "Shekara uku da suka wuce na tufka ta," ta ce. "Na ɓoye a ƙasan akwatinta don ranar da za ta buƙata. Na manta ban cire ba. Ku ƙone ta."

"A ƙone igiya mai kyau haka?" in ji Hajiya Kyauta. Ta karɓa, ta fita tsakar gida, ta sa aka ɗaura ta daga dalbejiya zuwa ƙusar bango, can sama, inda sai an yi ɗage ake kaiwa. Ta ɗauko zanen amarya da aka wanke ta shanya.

Washegari da yamma Wasila ta fito ɗauke da tsintsiya. Iska ta taɓa igiyar, zannuwa suka kaɗa. Ta tsaya ta kasa kunne. Ba siii, ba komai, sai kukan kurciya da ƙugin kabu-kabu a titi.

Saminu ya leƙo daga ɗaki da kwalbar likita a hannu. "Amarya, lokaci ya yi. Ɗaga kai. Kar ki ƙifta."

Ta ɗaga, ta dube shi ido cikin ido, ta ƙifta da gangan.

Allah Ya bar su tare, Ya ba su zuri'a masu albarka, Ya sanyaya zuciyar Inna Hindu, Ya tsare mana ganinmu har ranar da za a rufe mana ido da hannun masoya. Amin.